Dalmar Badaru

Mutum arba'in da bakwai suka ba ni amsa a kan rubutuna na makon jiya, kuma babu ko ɗaya a cikinku da ya tambayi bangon. Shafi biyu na cika ina yi muku bayanin bangon katakon da ke tsakanin ɗakin hotonmu da shagon yayata mai ciki wata shida, kuka tsallake shi kamar kwata, kuka dira a kan layi ɗaya da na ambaci Badaru. "Dogo ne?" "Yana da waya?" Wata baiwar Allah daga Kaduna har tambaya ta yi ko yana da ƙani. Kun kau da kai, kamar yadda Agege gaba ɗaya ta kau da kai wata takwas. To ku gyara zama, yau Badaru da bangon sun zama magana ɗaya, ban ga ta inda za ku tsallake ba.

Ga waɗanda suka shigo yau, sunana Nazifa, ni ke ɗaukar hoton ƙashi a wani ƙaramin asibitin kuɗi a bayan layin dogo, nan Agege ta Legas. Abu na farko da aka koya mana a makaranta shi ne hasken eksire ba ya tsayawa a jikin wanda aka ɗauka. Yana ratsa shi, ya ratsa fim, ya ci gaba da tafiyarsa har sai ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa. A ɗakinmu abin da yake gamuwa da shi falankin katako ne, a bayan falankin kuma Yaya Furera ce da keken ɗinkinta.

Tun ranar da na kama aiki nake bin mai asibitin, wanda kowa ke kira Oga Dokta, ya sa wa bangon dalma. Amsarsa ɗaya ce kullum, yana shafa tumbi: "Next month, Nazifa." Da na gaji, sai muka yi tsari da Yaya. Kafin in danna maɓalli zan buga bango sau uku, ta tashi ta fita baranda, in na gama in buga sau ɗaya ta dawo. Tana yi tana mita, amma tana yi.

Badaru kuwa maƙerin tukwane ne. Yana narka gwangwani da tsohon fistan da kan injin mota, ya zuba a ƙasa, tukunya ta fito. Duk matar da ke dafa shinkafar biki daga Agege zuwa Mile 12, akwai tukunyarsa a bayan gidanta. Na san shi ne ranar da tukunya mai cin mudu goma ta faɗo masa a ƙafa aka kawo shi hoto. Ƙashi bai karye ba, amma ya dawo sau uku wai a sake dubawa. A na huɗu na ce masa, "Malam, ƙafarka lafiya lau, in wata magana ce da kai ka san gidanmu." Ya sani kuwa. Ashe tun a zuwa na biyu ya bi bayana.

Yanzu ga inda laifina yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Wata ɗaya da ya wuce ya zo zance bayan la'asar. Ya sha shadda ruwan ƙasa, sitaci har tana ƙara in ya motsa, hula zanna a karkace, wayarsa mai kama da bulo a hannu don kowa ya gani. Ni kuma na dawo daga aiki raina a ɓace, ko hoda ban shafa ba, na yafa mayafin Iya na fito zaure.

"Likita, yau wa ya taɓa ki?" Haka yake kirana, na hana ya ƙi.

"Bango," na ce. "Mutumin nan ya ƙi sa dalma. Ita kaɗai ke tare hasken, ko kaurin kwabo biyu ta yi ta isa. Da zan samu mai rufe mini bangon nan da dalma, wallahi da ya gama mini komai a duniya."

Ya dube ni, ya dubi hannuwansa masu tabon ƙuna.

"Dalma kawai?"

"Dalma kawai."

Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Ni da na yi shekara uku ina haddace sunayen ƙarafa da Turanci, ban tsaya na tuna da wa nake magana ba. A littafina dalma ita ce baƙin ƙarfen nan mai nauyi da laushi, na kan batir. A bakin Badaru, da bakin Iya, da bakin kowace mace da ta taɓa ɗora girki, tukunyar dalma ita ce fara mara nauyi da yake zubawa kullum, wato alminiyon.

Sati uku ba ya zuwa sai tes. "Likita ina wani aiki kar ki tambaya." "Likita yau na kona yatsa saboda ke." Ina karantawa ina murmushi kamar sakarya, na ɗauka kayan ɗaki yake haɗa mini.

Lahadin da ta wuce na tafi Ajegunle bikin ƙawata. Litinin na buɗe ƙofar ɗakin hoto, haske ya kashe mini ido. Bango tun daga ƙasa har silin ya rufu da faranti masu kusurwa huɗu, guda sittin, an goge su suna walƙiya, kowane an ɗaure shi da kusa huɗu a jere kamar ɗinkin hula. Oga Dokta na tsaye a bayana, baki har kunne.

"You see? Your husband don do am. Free."

Na matsa na kai farce na karta. Dalmar gaske farce yana shiga. Wannan ko alama. Na lanƙwasa yatsa na ƙwanƙwasa. Dalmar gaske ba ta amsawa, sautinta a mace yake. Wannan ta amsa mini da irin ƙarar da ke tashin mutanen gida in marfi ya faɗi a madafa.

Na zauna a kan gadon hoto. Kun san kaset ɗin da muke saka fim a ciki? Fuskarsa da alminiyon ake yi, da gangan, don haske ya wuce ba tare da wahala ba. Abin da masoyina ya rufe mini bango da shi ke nan. Kafin irin wannan ƙarfe ya yi aikin dalma mai kaurin kwabo biyu, sai ya kusa kaurin bulo.

Majinyacin farko ya shigo, wani ɗan dako mai tari. Na tsayar da shi, na buga bango sau uku. Keke bai tsaya ba. Na sake bugawa. Sai muryar Yaya ta ratso:

"Nazi, ki daina fasa mana kunne, an sa dalma."

Na zagaya da gudu. Ba zama kawai ta yi ba. Ta jawo keken ta manna shi da bangon, ta jingina bayanta, wai ƙarfen yana sanyaya katakon.

"Yaya, tashi."

"Ba inda za ni. Wata takwas kina korata cikin rana kamar akuya, ga ɗinkin mutane ya taru. Ke kika ce dalma, an sa dalma. Ko so kike a sa zinariya?"

"Ba irin wannan dalmar ba ce."

"Dalma har iri-iri ce? Ke dai boko ya cika miki kai."

Ranar sai da na ɗauke mata mazarin keke na saka a aljihu kafin ta fita. Haka muka yi kwana biyu, ni da ita kamar masu dambe. Kyautar Badaru ta mayar da ni baya fiye da inda na fara.

A gida kuwa ba a magana sai ta bango. Iya ta gaya wa matan layinmu, ta gaya wa mai kifi, ta gaya wa Bayarabiyar da ke sayar mana da gawayi, da Yarabanci, har da ƙari. Baba ya faɗa a majalisar 'yan goro cewa yaron da ke neman 'yarsa ya gina wa asibiti bango. Aka tsayar da Asabar ɗin nan kawunnan Badaru za su zo daga Mile 12 gaisuwar iyaye.

Daren Talata bayan magariba na samu Iya tana tsince shinkafar waina, na durƙusa kusa da ita.

"Iya, abin da Badaru ya sa ba ya tare komai. Wanda ake bukata da Turanci sunansa led."

"Leda?" Ta ɗago. "To a manna leda mana, ga su nan cike da kwando."

"Ba leda ba, Iya. Wani ƙarfe ne."

"Shi wanda ya sa katako ne?"

"Ƙarfe ne, amma haske yana wucewa."

"Kin gani da idonki?"

"Ba a ganinsa."

Ta ajiye faifai. In Iya ta ajiye faifai, magana ta ƙare.

"Abin da ba a gani, shi za ki kunyata yaro a kansa? Ya ƙone hannu sati uku. Ubanki ya yi magana a gaban mutane. Ki rufe bakin nan har Asabar ta wuce, in an sa rana kya gaya masa a hankali. Ni na haifi Furera, kuma a gaban murhu na yi cikinta, ba abin da ya same ta."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in bi maganarta. Kwana huɗu ne kawai. Ina son mutumin nan, ban taɓa rubuta wannan a fili ba sai yau. Amma kwana huɗu a ɗakina hoton ƙirji talatin ne, kuma duk hoton ƙirji bakin injin bangon Yaya yake kallo.

Iya ta ce ba a gani. To akwai hanyar da ake gani.

Laraba da sassafe, kafin Yaya ta zo, na buɗe shagonta da makullin da take ajiyewa a wurinmu. Na ɗauki babban kaset da sabon fim a ciki, na ɗora almakashinta a fuskarsa, na manna su da salatif a jikin bango, daidai inda take jingina bayanta. Na koma ɗakina na saita injin kamar zan ɗauki ƙirjin babban mutum, na danna. Idan bangon yana aiki, fim zai fito fari fes, babu komai. Idan ba ya aiki, zai yi baƙi, almakashi ya fito.

A ɗakin wanki, ƙarƙashin jar fitila, na tsoma fim ina addu'ar in zama maƙaryaciya. Ya yi baƙi ƙirin. Almakashi ya fito fari tas, har da ɗan zaren da ya naɗe a hannunsa ka rantse za ka gani. Sai kuma na lura da wani abu a bayan almakashin, dishi-dishi, kamar rubutu. Na ɗauraye, na fito, na ɗora a allon haske, na juya fim ɗin.

NAZIPA TAWA CE.

Da P. Da ɗan zanen fure a ƙasa.

Maƙeran tukwane suna sa tambarinsu a gindin tukunya. Shi sai ya zana wannan a jikin abin zubin, ya fito a bayan kowane faranti, ya juya rubutun ya kalli katako yadda babu mai gani har abada. Inda harafi yake ƙarfen ya fi kauri kaɗan, haske ya ragu kaɗan, fim ya kwashe. Sau sittin mutumin nan ya rubuta ni tasa ce ya ɓoye a bango, ni kuma na tono shi da injin asibiti.

Na yi dariya har na riƙe ciki, daga nan ban san lokacin da ta koma kuka ba. A haka Oga Dokta ya same ni. Ya kalli fim, ya karanta, ya ce "Na love letter?" Na nuna masa almakashi na yi masa bayani. Ya ce bango ya yi kyau, majinyata suna yabawa, kada in kawo masa wahala. Da ya juya baya na buɗe akwatin wutar injin, na zare fis, na jefa a jakata.

Jiya Alhamis na tura wa Badaru tes ya zo. Na sa atamfata shuɗiya da ya ce yana so, na ɗaura ɗankwali sau uku kafin ya zauna. Na fito zaure da kunun aya a jug, da fim a ambulan, da rigar kariyar da nake sawa a wurin aiki a naɗe a buhu. Iya na bayan labule, ina jin numfashinta.

"Likita, kin ga aikin?" Yana murmushi yana gyara hula. "Har fistan na ƙara a ciki don ya yi ƙarfi. Ba gwangwani zalla ba ne."

"Na gani. Ɗaga wannan buhun."

Ya kai hannu ɗaya da wasa, buhu ya ƙi tashi yadda ya zata. Ya sa biyu.

"Me kika zuba, dutsen niƙa?"

"Riga ce. Roba ce aka cakuɗa da garin dalma. Irin dalmar da nake nufi."

Ya zaro rigar, ya latsa, ya auna ta a tafin hannu. Maƙeri ne, hannunsa ya riga kunnensa ganewa. Murmushin ya tafi.

"Wannan ai baƙar dalma ce. Ta kan batir." Ya dube ni. "Me ya sa ba ki ce baƙa ba?"

"Laifina ne. Ban faɗa ba."

Na miƙa masa fim. Ya ɗaga shi saitin ƙofa inda rana ke shigowa. Na ga lokacin da idonsa ya kai kan rubutun, domin kunnuwansa ne suka fara motsi.

"Wa ya ga wannan?"

"Ni. Da Oga Dokta."

"Shi ke nan?"

"Da nas biyu. Da mai shara."

"Inna lillahi." Ya rufe fuska da hula. Daga cikin hular ya ce, "Na juya shi ciki fa. Na ɗaure da kusa."

"Da F ake rubutawa," na ce.

"F ɗin ya ƙi fita a ƙasar zubi, ya cika ya koma P." Ya sauke hular, ya sake ɗaga fim, wannan karon ya daɗe. "Almakashin wa?"

"Na Yaya Furera."

"A ina yake da kika ɗauka?"

"Inda take jingina."

Ya ajiye fim a kan tabarma a hankali kamar mai zafi.

"Wato abin da ya ratsa ƙarfena ya zana almakashi, shi yake shiga bayanta. Da abin da ke cikinta."

"In tana wurin. Kuma tun da ka sa, ta ƙi tashi."

Bai taɓa kunun ba. Ya tambaye ni ina ake samun baƙar dalma falle-falle, na ce daga waje ake kawowa, kuma kada ya kuskura ya narka batir, hayaƙinta guba ne. Ya ce babu wata hanya? Na ce akwai wani farin dutse mai nauyi da ake haƙowa a Azara ta jihar Nasarawa, sunansa barayit. Ana niƙa shi a kwaɓa da siminti a yi wa bango filasta mai kauri, yana tare hasken. Amma sai an tayar da bulo tukuna, katako ba ya riƙe filasta.

"Sake faɗin sunan."

"Barayit."

Ya maimaita a hankali sau biyu, ya miƙe, ya sa takalmi, ya fita. Ko sallama bai yi wa Iya ba. Ta fito daga bayan labule da muciya a hannu, ba ta dake ni ba, amma ta ce mini abubuwan da ba zan biya kuɗin kafen intanet in rubuta ba.

Yau Juma'a da hantsi muna tsakar gida, kaji shida a ɗaure, shinkafa a jiƙe, wayata ta yi ƙara. Iya ta riga ni ɗauka, ta miƙa wa Yaya Furera ta karanta da ƙarfi, wai a daina ɓoye-ɓoye a gidan nan. Ga abin da ya rubuto, harafi da harafi:

"Likita na ce wa su kawu kar su zo gobe. Ba zan aiko neman aurenki ba sai bango ya tsaya. Na hau tirelar albasa na tafi Nasarawa neman barayi. Ba zan dawo ba sai da buhu goma."

Kaza ɗaya ta yi kuka.

"Ɓarayi," in ji Iya. Ta zauna a kan turmi. "Buhu goma. Kin ga abin da kika mayar da ɗan mutane."

Na kira shi sau tara, wayar ba ta shiga, layi bai kai can ba. Baba ya fita masallaci. Yaya Furera ta karɓi fim ta kalli almakashinta, sannan ta ce ita dai ɗinkin mutane ba zai ɗinka kansa ba, kuma ai fis yana jakata. Ba ta san Oga Dokta ya aika Ikeja a sayo wani ba. Ya ce Litinin ƙarfe takwas injin zai tashi, ko da ni ko da wata, kuma wadda zai kawo ba ta san ana buga bango ba.

Saboda haka ku saurara, ba tambayar tsawon kowa nake so ba. Matan Agege da ke karanta wannan, Litinin ƙarfe bakwai da rabi ku zo bayan layin dogo, asibitin da ke manne da shagon tela mai koren ƙyaure. Ku cika bencin, ku hana a kunna injin, duk wanda ya fito da farar riga ku tambaye shi me ke cikin bangon. Ku kuma na Lafiya da Awe da Azara, ko masu ɗan'uwa a can, ku tashi yanzu ku aika tasha. Akwai wani dogon mutum mai tabon ƙuna a hannu, yana warin albasa, yana bin mutane da ladabi yana tambayar inda ake samun ɓarayi masu nauyi. Ku rubuta masa sunan dutsen a takarda, da T a ƙarshe, ku kai shi wurin masu haƙa kafin 'yan sanda su riga ku.